Ranar da Kaltume Ta Cika Gishiri

A Roni, idan mace ta cika gishiri a miya, ba a cewa ta cika gishiri, cewa ake ta yi ta Kaltume. Abin haushin shi ne duk garin babu macen da ta kama ƙafar Kaltume a iya miya, kuma a shekara ashirin da biyar da ta yi tana girkin biki, sau ɗaya tak hannunta ya zarce. Amma mutanen Roni Allah ya hore musu riƙo. Sun manta miya dubu masu daɗi, sun riƙe guda ɗayan nan kamar gadon uba.

Ranar sunan jikanta ne. Zubaida, 'yarta ta fari kuma tilo, ta zo gida ta haihu, dangin mijinta suka ciko mota daga Yankwashi. Kaltume ta ɗora miyar taushe a babbar tukunyar nan da sai mata biyu suke sauke ta, aka malmala tuwon shinkafa, aka jera kwanuka a gaban baƙi. Hajiya Inno, uwar mijin Zubaida, ita ta fara kai loma. Ta rufe ido kamar mai addu'a, ta daɗe a haka, sannan ta haɗiye ta ce, "Masha Allah."

To, tunda babba ta ce masha Allah, wa ya isa ya ce wani abu? Ga su baƙi, ga su surukai a gidan surukai. Haka suka yi ta cusawa suna korawa da ruwa, hawaye na taruwa a idonsu suna cewa hayaƙin murhu ne. Kafin la'asar randa uku sun ƙafe, sai da aka aika neman mai ruwa. An ce motar da ta mayar da su Yankwashi sau biyar ta tsaya a hanya, kuma lafiyarta ƙalau.

Mutum ɗaya ne ya yi magana, shi ne Halliru, ɗan kawun Kaltume. Taubashinta ne, al'ada ta ba shi damar ya faɗa mata duk abin da ya zo bakinsa, shi kuwa tun suna yara bai taɓa barin damar nan ta kwana ba. Ya leƙo daga zaure da kwano a hannu, ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Kaltume! Tambaya gare ni. Miyar ce aka sa wa gishiri, ko gishirin ne aka ɗan yayyafa wa miya?"

Tsakar gida ta kwashe da dariya, har baƙin da suka yi ta dannewa suka samu hanyar fitar da tasu. Kaltume ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Kowa ya ɗauka ita ma dariyar take.

Kaltume a hannun goggonta ta koyi girki, wata tsohuwa mai faɗa da ba ta yarda da awo ba. Daga wurinta ta gaji ɗabi'ar da aka san ta da ita. Idan miya ta kusa nuna, sai ta ɗebo da ludayi, ta ɗiga ɗigo uku a tafin hannunta, ta lasa, ta kalli sama kamar tana sauraron wani saƙo. Daga nan ta san abin da tukunya take nema, ko gishiri, ko daddawa, ko a bar ta ta huta. Kuma tana da doka guda: babu ludayin da yake shiga tukunyarta sai nata, babu harshen da yake ɗanɗana mata miya sai nata. Matan da suke taya ta aiki aikinsu yanka kabewa ne da gyaran alayyafo da hura wuta. Wata ta taɓa cewa, "Yaya Kaltume, in ɗanɗana miki?" Kallon da ta samu ya sa har aka watse daga bikin ba ta ƙara magana ba.

Da wannan harshen ta yi suna. Daga Kazaure ake zuwa ɗaukarta, har Babura an taɓa kai ta a gaban mota, tukwanenta a baya. Da shi ta aurar da Zubaida, da shi ta sauya rufin ɗakinta bayan rasuwar mijinta.

Mijin, Malam Daudu, fataucin shanu yake zuwa Kudu. Mutum ne mai fara'a, ba ya dawowa hannu sake. Ya yi doguwar jinya, ya rame har yara suka daina gane shi, ya rasu a asibiti a Kazaure. Kafin a ba su gawa wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rahamatu ta ja Kaltume gefe, ta roƙe ta a ɗibi jininta. Da sakamako ya fito ta zaunar da ita, ta gaya mata tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, ta kuma gaya mata akwai magani kyauta, wanda in ta riƙe shi za ta ga jikokinta har su gaji da ita. Kaltume ba ta taɓa zagin Malam Daudu a gaban kowa ba. A zuci ma ba ta cika yi ba, sai dai ranar da ta ga dama.

Da aka zo rubuta mata kati aka tambaye ta garinsu, sai ta ji bakinta ya ce Gwiwa. Garin mahaifiyarta ne, ta lallashi kanta da cewa ai ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Lambar wayar da ta bayar kuwa ta marigayin ce, wadda ba ta daɗe ba ta bi mai ita.

Shekara shida ta yi tana zuwa Kazaure duk bayan wata biyu, wai sayen daddawa. Halliru ya sha tare ta a bakin tasha.

"Ke wai me daddawar Roni ta yi miki ne? Ko ta Kazaure da turare ake kwaɓa ta?"

"Hancinka bai kai ya gane ba," in ji ta, ta haye bayan babur.

Ƙwayoyin a cikin gwangwanin kanumfari take juye su, ta tura can ƙarƙashin jeren kwanukanta. Kullum bayan sallar asuba ta haɗiyi nata. Ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi, har mata suna cewa takaba ta karɓe ta.

Sai maganar suruki. Nafi'u, mijin Zubaida, yaro ne mai ladabi har ya so ya yi yawa. In ya zo gaisuwa tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya tsuguna a ƙofar ɗaki, kansa a ƙasa. Kaltume kuma tana ciki bayan labule, ita ma kanta a ƙasa, kamar labulen bai isa ba.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. A gaida mutanen gida."

Shekara huɗu ke nan ana wannan hira, ba a ƙara mata kalma ba, ba a rage ba. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan na Yankwashi". Ba ta taɓa cin ko gyaɗa a inda zai gani ba. Da za a jera samari biyar a ce ta nuna surukinta, sai ta nemi a sa su yi magana tukuna. Ta dai san a asibiti yake aiki a Babura. Wane aiki? Suruka ba ta tambayar irin wannan. Da aka ce an dawo da shi Kazaure, har dambun nama ta yi ta aika musu na murna.

Sati uku bayan haka ranar karɓar maganinta ta zo. Ta yafa koren mayafin da Nafi'un ya aiko mata da shi a kayan Sallah, ta hau babur, ta isa da wuri. Ta ga Rahamatu, an auna ta, an rubuta mata takarda, ta je ta zauna a benci a gaban tagar da ake miƙo magani. Tana zaune tana lissafin kabewar wani biki, sai ta ji an kira sunan matar da ke gabanta.

Muryar ce. Ta san ta fiye da fuskar mai ita, shekara huɗu tana jin ta ta bayan labule.

Kaltume ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta juya wa tagar baya, ta bi ta tsakanin mutane tana taka ƙafafunsu ba ta ba da haƙuri, ba ta tsaya ba sai a cikin kasuwa. Ranar kam da gaske ta sayi daddawa, mai yawa kuwa.

A hanyar komawa Roni ta yi ta juya abin. Ta je gaban tagar nan, ta miƙa takarda, ya karanta sunanta, ya ɗago kai? Mutumin da ba ta yarda ya ga tana tauna ba, shi zai ƙirga mata ƙwayar wannan ciwo ya zuba mata a hannu? Daga nan ya koma gida ya kalli Zubaida da wane ido? Ya gaya wa Hajiya Inno, Hajiya Inno ta gaya wa Yankwashi? Wa zai ƙara cin miyar da ta lasa? Ta yi tunanin komawa wani asibitin, sai ta tuna an taɓa cewa sai da takardar sauyi, ta kuma ƙudurta a ranta cewa duk wata takarda a asibitin nan sai ta bi ta hannunsa. Ba ta tambayi kowa ba, don wanda za ta tambaya yana cikin ginin da ta rantse ba za ta ƙara shiga ba.

Sauran ƙwayoyin da ke gwangwani ta dinga ja musu rai, yau ta sha, gobe ta tsallake, har suka ƙare. Wata ɗaya, wata uku, ba ta ji komai ba. Ta fara ce wa kanta wataƙila ma ta warke, Allah ai ba a yi masa dole.

A wata na shida ta tashi ta ji bakinta wani iri, kamar ta kwana da auduga a ciki. Ta ɗauki madubi ta fito haske ta zaro harshe. Wani farin abu ne ya shimfiɗu a kai, guda-guda kamar kindirmo, har cikin kumatu. Ta sa asuwaki ta kankare. Ya fita, ya bar wurin ja wur yana tsattsafar jini, washegari ya dawo da 'yan'uwansa. Ta kuskure da ruwan kanwa. Ta matsa lemon tsami, ta yi rawar da ba ta yi ba ko a bikin Zubaida. Ta shafa zuma, ta jiƙa bagaruwa. Gefen bakinta ya tsattsage, yaji ya zama abokin gaba, tuwo ma in ta haɗiya sai ta ji kamar yana karce mata maƙogwaro. Ta koma koko da kunu, zanenta ya fara neman ƙarin ɗauri.

Ta san abin. Ta gan shi a bakin Malam Daudu a watanninsa na ƙarshe, ita ce ma take goge masa da tsumma.

Daga nan ta fara magana da gefen mayafi a baki. Mata suka ce Kaltume ta ƙara kamun kai. Halliru ya ce ba haka ba ne.

"Haƙorin Makka ta sa a ɓoye ba ta je Makkan ba. Buɗe mu gani, Hajiyar Kazaure!"

Ta ɗaga masa hannu ta wuce. Da can da ta tanka masa har sai ya nemi sulhu.

Abin da ya fi ciwon tayar mata da hankali shi ne ranar da ta ɗiga miya a tafin hannu, ta lasa, ta kalli sama, ba ta ji saƙon komai ba. Ɗumi kawai ta ji, da raɗaɗi. Biki biyu aka zo nemanta ta ce bayanta ke ciwo. Amma sunan jikanta fa? A gidanta, surukai na zuwa, a ce wata ce ta yi miya? Da wannan magana ta zaga Roni gara ciwon bayan gaske.

Ranar sunan ta yi komai yadda ta saba, don hannu bai manta ba. Da aka zo wurin gishiri ta zuba daidai yadda take zubawa, kuma da ta tsaya a nan da yanzu ba mu da labari. Sai ta ɗiga, ta juya baya ta lasa. Salam. Ta ƙara. Salam. Zuciyarta ta ce ya isa, harshenta ya ce babu komai a ciki, ita kuwa shekara ashirin da biyar harshen take bi. Ga Mairo maƙwabciyarta a tsugune a gefenta tana tura itace, kalma uku kawai za ta ce mata, "Ɗanɗana min nan." Amma Kaltume ta ce a ɗanɗana mata? Mairo za ta saki itacen ta ce lafiya, kuma amsar lafiyar nan ce ba ta da ita. Ta ƙara cika hannu ta watsa, ta rufe tukunya.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne, lokacin da tsakar gida take dariyar maganar Halliru, ita kuka take a bayan mayafi.

Kwana takwas ba ta leƙa ko zaure ba. Zubaida tana ɗaya ɗakin da jaririnta tana ta ba ta baki, wai don gishiri kawai, Inna, kowa ai yana kuskure. A rana ta tara da hantsi aka yi sallama, wata mata ta shigo da turmin atamfa da sabulu, ta ce barka ta zo. Ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, sannan ta ce tana son ganin Inna a kan maganar girkin wani biki. Kaltume na ganinta ta gane ta. Rahamatu ce.

Rahamatu ta saki labule, ta zauna a bakin gado, ta yi ƙasa da murya.

"Baba Kaltume, kin wahalar da mu. Sau biyu ana tura mutum Gwiwa nemanki. An samo mana Kaltume har huɗu, babu ke a ciki."

Kaltume ta sunkuyar da kai. "Wa ya nuna miki gidan?"

"Za mu zo nan. Sauke mayafin tukuna."

"Haba 'yar nan."

"Shekara shida ina auna ki, yau za ki fara jin kunyata? Buɗe. Ce aa."

Kaltume ta haihu, ta yi jinyar miji, ta wanke gawar goggonta da hannunta, amma ba ta tuna abin da ya yi mata nauyi kamar buɗe bakin nan ba. Ta rufe ido ta buɗe. Rahamatu ta haska da fitilar wayarta, ta duba harshe, ta duba kumatu da ganɗa.

"In kin haɗiyi abu yana miki zafi a nan?" Ta nuna ƙirjinta.

Kaltume ta gyaɗa kai.

"To ya fara gangarawa. Me kika sa masa?"

"Kanwa. Da lemon tsami. Da bagaruwa."

"Saura daddawa da kabewa ki haɗa miya a ciki. Baba, wannan abin ba ƙazanta ba ce, ba kuma baki aka yi miki ba. Wata 'yar ƙwayar cuta ce irin ta fumfuna, kowa yana da ita a bakinsa, ni ma ina da ita. Garkuwar jiki ce take taka mata burki. Da kika ajiye magani garkuwar ta faɗi, ita kuma ta samu fili. Sati biyu na magani zai share ta. Amma in ba ki koma kan wancan maganin ba za ta dawo, kuma ba ita kaɗai za ta dawo ba. Kin gane?"

Kaltume ta tambayi abin da ya kwana takwas yana cin ta. "Mutanen da suka ci miyar fa? Na lasa da bakin nan. Har mai jego ta ci."

"Babu abin da zai same su. Ciwonki ba ya bin abinci, na sha gaya miki. Abin da ya same su ƙishirwa ce, ita ma sun warke."

Kaltume ta ji dariya na neman kuɓuce mata, gefen bakinta ya hana.

"Gobe ki zo a ɗibi jini mu ga inda aka kwana," in ji Rahamatu. "Wata takwas ba wasa ba ne, wataƙila sai an sauya miki ƙwayar."

"Ba zan iya zuwa tagar nan ba."

"Na sani. Shi ma ya sani."



"Tun ranar ya gan ki," in ji Rahamatu a hankali. "Bai ga fuskarki ba. Mayafin ya gane, ya ce shi ya zaɓo shi da kansa. Tun daga ranar, duk lokacin da ya lissafa ranarki ta zagayo, sai ya bar wa abokin aikinsa tagar, ya koma bayan gini ya tsaya a rana tun safe har azahar, wai don ki zo ki karɓa ki tafi ba ku haɗu ba. Shi a zatonsa kina zuwa. Katinki yana nan a gabansa, amma ya ce ba zai iya buɗe katin surukarsa ba. Sai da ya ci miyar nan ya ce a ransa wannan ba hannun Inna ba ne. Washegari ya buɗe. Ya same ni idonsa jawur, ya ce mai katin nan a Roni take, kada in tambaye shi yadda ya sani. Na tambaye shi kuwa, na kuma yi masa tas. Na ce kai kana bayan gini kana kunya, ita tana gida tana kunya, ciwo kuma yana tsakiya ba ya jin kunyar kowa."

Kaltume ta ja mayafin, wannan karon har kanta ta rufe. Wata takwas tana ɓuya daga mutumin da yake tsaye a rana yana ba ta hanya.

"Zubaida fa?" ta tambaya daga cikin mayafin.

"Aikinmu ya hana shi faɗa, kuma ko bai hana ba, wannan yaron ba zai faɗa ba. Ke za ki gaya mata ranar da kika shirya. Gobe ni zan miƙo miki maganin da hannuna."

Ta je. Da wani mayafin daban.

A kwana na goma farin ya janye. Wata safiya tana shan koko ta ji tsamin gasara ya taɓa gefen harshenta, sannan citta ta biyo baya, sannan kanumfari. Ta ajiye ludayin ta daɗe tana kallon kwanon. Mairo da ta shigo aron turmi ta ce lafiya? Ta ce kokon ne ya yi zafi.

Bayan arba'in Zubaida ta koma ɗakinta. Ba a yi wata biyu ba ta dawo wuni, ranta a ɓace.

"Inna, ki ji mutumin nan. Mun samu Kazaure da ƙyar, ga gida kusa, ga kasuwa, wai shi da kansa ya rubuta takarda a mayar da shi Gwiwa. Kullum sai ya yi sammako a kan babur. Na ce me ka rasa a nan? Wai iskar can ta fi masa."

Kaltume ta ci gaba da tsince shinkafarta, ba ta ɗago ba. "Ki bar shi. Namiji ya san dalilinsa."

"Au, ke ma bayansa za ki bi?"

"Na ce ki bar shi."

Da yamma ya zo ɗaukarsu. Ya tuɓe takalmi a zaure, ya tsuguna a ƙofar ɗaki, labule a tsakaninsu.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

A nan ya kamata ta ce a gaida mutanen gida. Sai ba ta faɗa ba.

"Ya hanyar Gwiwa?" in ji ta.

"Da sauƙi, Inna."

"Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin. Ya tashi ya fita har ya manta takalminsa a zaure, sai da Zubaida ta bi shi da su. Daga ranar ba su ƙara ko kalma ɗaya a kan gaisuwarsu ta da ba. Sai dai duk bikin da Kaltume ta yi girki, akwai wani ƙaramin kwano mai murfi da take cikawa da tsokar da ta fi kowacce laushi, ta ce a kai wa yaron nan na Yankwashi.

Sunanta bai dawo a rana ɗaya ba. An yi biki uku a unguwar ba a neme ta ba, tana jin ƙarar tukwanen wata daga ɗakinta. Sai da Alhaji Maikasuwa zai aurar da 'yarsa ya ce shi dai Kaltume, ko da gishirin ne. Ta zo ta kafa murhu, ta kuma kafa sabuwar doka da ta ba kowa mamaki: in ta lasa, sai Mairo ma ta lasa. Ta ce tsufa ne ya zo.

Miya na tafasa, mata sun kewaye ta, sai ga Halliru ya leƙo daga zaure, yanzu har da sanda.

"Jama'a, Kaltume ce a kan tukunya! A cika randuna! A gaya wa direbobi su shirya tsayawa a hanya!"

Aka yi dariya. Kaltume ba ta ja mayafi ba. Ta ɗebo miya, ta ɗiga uku a tafin hannu, ta lasa, ta kalli sama, ta jinjina kai. Sannan ta juyo ta nuna shi da ludayin.

"Halliru, ni harshena sau ɗaya ya yi ciwo, na ji kunya na ɓoye shi har ya ja min abin faɗa. Da na kai shi asibiti, sati biyu aka gyara min. Kai naka shekara sittin yana zuba a titi, ko kunyar ba ya ji. Miƙo kwanonka, in ka ga dama ka ce masha Allah."